Zuwa Ga Matasan Isa Da Sabon Birni: Wanda Bai Fito Ba, An Zaɓa Masa

  

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu na gabashin Sakkwato, musamman 'yan Isa da Sabon Birni, kuma duk sa'ad da aka soma kaɗa gangar siyasa sai ta ƙara ƙarfi a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Maganar ita ce: "Mi ƙuri'a ta yi muna? Ni da layin zaɓe har abada." Mai faɗinta yakan faɗe ta da alfahari, kamar wanda ya gano wani sirri da ya ɓoyu ga sauran jama'a, abokansa kuwa su yi ta yi masa jinjina. Ni a ganina wannan magana kuskure ce babba, kuma babu wanda take yi wa daɗi kamar mutanen da ake cewa da su ake fushi. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Wajibi ne na fara da yi wa mai wannan fushi adalci, domin ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen watan Mayun 2020 aka wayi gari da gawarwakin mutane sama da 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, duk a ƙasar Sabon Birni. A watan Satumbar 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da namu biyun, aka bar mutum ba ya iya sanar da ɗan uwansa cewa an shigo garinsu, sai wanda ya dace da layin Nijar. A watan Disambar wannan shekarar aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda suka ce mutum 23 ne suka rasu, mutanen yankin suka ce sun fi haka. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Duniya ta gan shi a bidiyo yana ɗaure yana roƙon a cece shi, makonni suka shuɗe, aka kashe shi, sai sallar ga'ib aka yi masa. Allah Ya gafarta musu baki ɗaya. A tsakanin waɗannan kuma akwai abin da ba kullum yake shiga labarai ba: harajin da ƙauye ke tarawa kafin ɓarayin daji su bar shi ya yi shuka, da wanda zai sake tarawa kafin girbi, da dubun-dubatar 'yan uwanmu da suka tsallaka iyaka suka zama 'yan gudun hijira a Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Wanda ya ga wannan da idonsa, sannan ya ce ya yanke ƙauna daga 'yan siyasa, ba mahaukaci ba ne.

To amma tambayata gare ka, ya ɗan uwa, ita ce: da ka zauna a gida ranar zaɓe, wa ka hukunta?

A takardar da ake rubuta sakamakon rumfar zaɓe akwai gurbin adadin masu rajista, akwai na waɗanda aka tantance, akwai na kowace jam'iyya, akwai ma na ƙuri'un da suka lalace. Babu gurbin masu fushi. Kundin tsarin mulkin Najeriya kuma bai gindaya sharaɗin cewa sai kashi kaza na masu rajista sun fito kafin zaɓe ya inganta ba. Abin da ya nema daga ɗan takarar gwamna shi ne ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Ko da mutum goma ne suka fito a mazaɓar Gatawa ko ta Turba, za a ƙirga ƙuri'unsu, a haɗa da na sauran wurare, a rantsar da wanda ya ci, kuma zai mulke ka shekara huɗu cif kamar yadda zai mulki wanda ya fito. Iyaka dai ka sauƙaƙa masa aiki. Da zai nemi yardar mutum dubu, yanzu ta mutum ɗari biyu yake nema, kuma sayen mutum ɗari biyu ya fi arha nesa ba kusa ba.

Daɗin daɗawa, ɗan siyasa yana da littafi guda da yake karantawa da natsuwa, shi ne sakamakon zaɓe mazaɓa bayan mazaɓa. Bayan kowane zaɓe sukan zauna su duba ina ne aka zuba ƙuri'a, ina ne aka yi yayyafi. Garin da ya zuba, ko da adawa ya zaɓa, ana jin tsoronsa kuma ana lallashinsa. Garin da bai fito ba kuwa ba a tsoronsa, ba a kwaɗayinsa, kukansa na rediyo da na Facebook amo ne da iska za ta tafi da shi. Sabon Birni na da mazaɓu 11, Isa na da 10. Tare suke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, suna da kujeru uku a majalisar dokokin jiha mai kujeru 30, kuma su biyu ne cikin ƙananan hukumomi takwas da ke zaɓen sanatan Sakkwato ta Gabas. Wannan ba ƙaramin jari ba ne ga wanda ya san darajarsa.

Cutar ba ta tsaya gare mu kaɗai ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne aka ce sun fito. A 2011 suka koma kusan kashi 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma ba su cika kashi 27 ba: mutum kimanin miliyan 25 daga cikin sama da miliyan 93. Bola Tinubu ya hau kujerar shugaban ƙasa da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane goma masu rajista. A jihar Sakkwato masu rajista sun haura miliyan 2, amma kimanin 600,000 ne suka jefa ƙuri'a a wannan rana. Ban manta da cewa a lokacin ne canjin kuɗi ya tsuke kowa ba, har mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na mota. Sai dai makonni uku bayan haka, a zaɓen gwamna, manyan 'yan takara biyu kaɗai sun tara sama da 850,000. Ashe idan mutane sun ga dama suna fitowa.

Mai gardama zai ce ƙuri'a ɗaya me za ta sauya a cikin wannan teku. Wannan maganar, ko a bakin kowa ta yi kyau, ba ta yi kyau a bakin Basakkwace ba. A ranar 9 ga Maris 2019 aka yi zaɓen gwamna, tazarar da ke tsakanin Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu ta tsaya a 3,413, aka ce zaɓe bai kammala ba, abin nan da bakin mutane ya mayar "inkonkulusib". Aka koma a ranar 23 ga wata, Tambuwal ya tashi da 512,002, Ahmed Aliyu da 511,660. Ƙuri'a 342 ce ta raba gardama a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Mutum 342, ya ɗan uwa, ba su cika masallacin Juma'ar ƙauye ba. Ko wane ɓangare kake so a wancan zaɓe, matasan unguwa ɗaya ta cikin garin Isa da suka yini a gindin bishiya suna kallon masu layi sun isa su juya sakamakon. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ma, abin da ya raba Atiku Abubakar da Tinubu a wannan jiha bai wuce ƙuri'a 3,235 ba.

Sai kuma masu cewa ai ba a ƙirga ƙuri'a, rubutawa ake yi. Ba zan rufe ido na ce babu maguɗi ba. A 2023 hukumar INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon rumfuna a intanet nan take, a zaɓen shugaban ƙasa alkawarin bai cika a kan lokaci ba, kuma hakan ya karya zukata da yawa. A nan Sakkwato tashin hankali da fasa akwatuna suka sa aka ce zaɓen sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai 11 duk bai kammala ba, aka dakatar da kwamishinan zaɓen jihar, sai a ranar 15 ga Afrilu aka ƙarasa. Duk an yi wannan. Amma ka tambayi kanka: wanda zai iya rubuta abin da ya ga dama a ofis, me zai sa ya ɓata kuɗinsa yana raba taliya da atamfa, ko ya ɗauki 'yan sara-suka su fasa akwati? Ba a fasa akwatin da ba ya da amfani. Kuma mai maguɗi ba ya samun filin wasa sai a giɓin da ke tsakanin masu rajista da waɗanda suka fito. Rumfar da ke da mutum 700 a rajista, 90 suka fito suka dangwala suka watse kafin la'asar, ita ce abincinsa. Wadda mutum 500 suka fito, na'urar BVAS ta tantance su da yatsa ko fuska, suka tsaya aka ƙirga a gabansu da babbar murya, aka liƙa sakamako a bango, waya hamsin ta ɗauki hotonsa, wannan sai an sha wuya kafin a murɗe ta. Iyayenmu na siyasar shekarun 2000 sun taƙaita wannan ilmi cikin kalmomi kaɗan da suka ce a kasa, a tsare, a raka.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Zamfara, waɗanda muke iyaka da su ta Shinkafi, kuma ciwonmu ɗaya, sun kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle, a ranar 18 ga Maris 2023. Ban ce da yin haka daji ya yi lafiya ba. Na san kuma za a ce mini ai watanni kaɗan bayan nan aka ba shi ƙaramin ministan tsaro. Haka ne. Wanda ya naɗa shi kuwa shi ne wanda na faɗa a baya ya hau mulki alhali kusan kashi uku cikin huɗu na masu rajista suna gida. Kujerun nan a sarƙe suke da juna, wanda ya fito a ɗaya ya kwanta a ɗaya rabin aiki ya yi.

Yanzu bari na zo kan abin da ya fi damuna, tunda wannan fili na tunatarwa ne: masu lulluɓe zaman gida da rigar addini. Su kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne masu cewa mulki na Allah ne, wanda Ya rubuta shi zai hau, fitowata da rashinta duk ɗaya. Farkon maganar gaskiya ne, ƙarshenta kuwa ɓata ne. Arziki ma na Allah ne, amma ban taɓa ganin Bagobirin da ya rataye fartanya da damina ya ce abin da aka rubuta zai shigo rumbu da kansa ba. Mutumin da ke faɗin wannan magana, idan aka ce ga ɓarayi nan tafe, ba ya zama ya jira rubutu, gudu yake yi da iyalinsa, kuma daidai ya yi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma ya fahimtar da masu mamaki cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Don me ƙaddara ba ta hana mu noma ba, ba ta hana mu gudu ba, ba ta hana mu zuwa asibiti ba, sai ranar zaɓe kaɗai muke tunawa da ita? Wannan kasala ce aka naɗa mata rawani.

Kashi na biyu sun fi ilmi, saboda haka sun fi haɗari. Su ne masu cewa dimokuraɗiyya tsarin kafirci ne, shiga layin zaɓe kuwa yarda ne da shi. Ban ce duk mai wannan shakka ɗan ta'adda ne ba. Akwai masu tsoron Allah da abin ya shige musu duhu. Amma mun ga inda wannan fatawa ta kai Borno da Yobe bayan Muhammad Yusuf ya yi shekaru yana shuka ta, kuma mun ji raddin da malamai irin su marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam suka yi masa tun wutar ba ta kama ba. Tun kafin su, a shekarun 1980, marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi ta kiran Musulmi, maza da mata, su yanki katin zaɓe. Hujjar a fili take. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata gare shi, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba bisa shari'arsa yake mulki ba, domin ga yunwa tafe kuma ya san zai iya. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, da wani ya taso yana jayayya da Najjashi a kan mulki, ba su ce rikicin waɗansu ne babu ruwansu ba. Addu'a suka duƙufa yi masa, har Zubairu ɗan Awwam ya ƙetare kogi don ya gano musu yadda aka kwashe, domin sun san zamansu lafiya ya rataya ga wanda ya ci. Bayan rasuwar Sayyidina Umar, Abdurrahman ɗan Aufu kwana uku ya yi yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu tsakanin Usman da Ali, malaman tarihi suka ce har matan da ke cikin ɗakunansu ya tuntuɓa. Ban ce wannan shi ne zaɓen INEC ba, na san bambancin. Abin da nake cewa shi ne tambayar jama'a wanda suke so ya shugabance su ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma ƙa'idar malamai ce sananniya cewa idan cuta biyu suka tsaya a gabanka babu makawa, ka ture babbar da ƙaramar.

Ƙuri'a shaida ce. An kira ka ne a tambaye ka, tsakanin waɗannan mutane wa ka sani ya fi gaskiya da iya riƙon amana. Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shaida, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nanata tsoratarwa a kansu. Wanda ya ƙi fitowa alhali yana da iko ya ɓoye tasa. Wanda ya karɓi kuɗi ya dangwala wa wanda ya san azzalumi ne ya yi ta zur. Sannan ina so mai cewa zaɓe haram ne ya gaya mini abin da ya tanadar mana a madadinsa, domin ƙasa ba ta zama babu mai iko. A 2021 an ruwaito cewa ɓarayin daji sun tuɓe masu garin wasu ƙauyukan Sabon Birni sun naɗa nasu. Sunan Bello Turji ya fi na kowane kansila amo a ƙasar Isa. A yammacin jihar, wajen Tangaza da Gudu, Lakurawa sun shigo da wa'azi a baki da bindiga a kafaɗa suna karɓar abin da suka kira zakka. Waɗannan ne shugabannin da ba a zaɓa, kuma ba su da wa'adi.

Akwai kuma masu hangen tsallaken iyaka suna cewa gara soja. Nijar gidanmu ce, Tsibiri da Sabon Birni tsatso ɗaya ne, ba na faɗin mugun abu a kanta. Sai dai a tuna cewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa a can aka ɗiba wa mulkin riƙo shekara biyar. Mutumin Maraɗi da bai gamsu ba, babu ranar da aka sa masa ta zuwa rumfa. Kai kana da ita kana wasa da ita.

Fitowa kaɗai ba ta isa ba idan an fito ne don a sayar. A nan nake son mu koma ga wani abu da ya faru a wannan ƙasa tamu ta Gobir, wanda ko Bagobiri ko Bafulatani babu mai jin kunyarsa. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiyar, ya ce a maimakonta yana neman abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Ka duba wannan ciniki da kyau, ya ɗan uwa. Da Shehu ya karɓi zinariyar, da ta ƙare cikin shekara, da kuma bakinsa ya mutu a gaban sarki. Da ya ƙi zuwa Magami gaba ɗaya ya ce shi ba ruwansa da fada, da fursunonin nan sun ci gaba da zama a ɗaure. Zuwa ya yi, ya ƙi kyauta, ya gabatar da buƙata. Mu kuwa yau mun kasu biyu, masu karɓar kyauta su yi shiru da masu ƙin zuwa, sai aka rasa mai gabatar da buƙata.

A ce an ba ka naira 5,000 a bakin rumfa. Raba ta da kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a yini ba. Ka kwatanta da abin da gidanku ya bayar a karo-karon haraji na damina ɗaya, ko na fansar mutum ɗaya. Ba na zagin tsohuwar da yunwa ta sa ta karɓi sabulu da taliya, Allah Ya san halinta. Da kai nake, mai waya a hannu, wanda ya yi makaranta, wanda ake ba jakar rabon ya bi gida gida.

Kuma a daina ruɗinmu da cewa wane ɗanmu ne. Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Ibrahim Abdullahi Gobir na Sabon Birni ya yi sanata daga 2011 zuwa 2023, har ya zama jagoran masu rinjaye na Majalisar Dattawa a 2022. A 2023 aka zaɓi Idris Muhammad Gobir mataimakin gwamna. Ban kawo sunayensu don na ce ba su yi komai ba, kowannensu yana da masu lissafa masa ayyuka. Na kawo su ne don a ga cewa rashin ɗa a sama bai taɓa zama ciwonmu ba. Ɗanka ma, idan ya san ƙuri'arka tasa ce ko ya yi ko bai yi ba, ko kuma ya san ba za ka fito ba ko ya yi ko bai yi ba, hankalinsa zai koma wurin waɗanda sai an roƙe su. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya sanya tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. A kan wannan za a tambayi duk mai neman kujera, daga kansila har shugaban ƙasa, kuma tambaya mai suna: yaushe za a bi hanyar Gundumi zuwa Isa ba tare da fargaba ba, sansanin jami'an tsaro nawa za a kafa kuma a waɗanne garuruwa, wace makaranta da aka rufe za a buɗe, me aka tanadar wa waɗanda ke Gidan Rumji su dawo. A ɗauki amsarsa a waya a ajiye.

Wani zai ce na manta da waɗanda ba su da halin fitowa. Ban manta ba, kuma shari'a ba ta ɗora wa kowa jefa ransa cikin halaka saboda ƙuri'a ba. Mutumin da garinsa ya tashi, ko wanda tsakaninsa da rumfarsa akwai daji, babu zargi a kansa. Zargin yana kan mu da ke cikin garin Isa da garin Sabon Birni da birnin Sakkwato, da ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejoji, da 'yan ci-rani da ke Kano da Abuja da Legas, waɗanda babu abin da ya tsare su sai ganin dama. Alƙaluman INEC na 2023 sun nuna masu shekara 18 zuwa 34 sun kai miliyan 37, kusan kashi 40 cikin ɗari na rajistar ƙasar. Tun 2018 kuma aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, saboda haka mai cewa duk 'yan takarar ɓata-gari ne ƙofa a buɗe take.

Haƙƙin waɗanda aka raba da gidajensu kuwa yana wuyanmu. Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗora wa hukumar zaɓe ta yi iyakar ƙoƙarinta kada waɗanda wata masifa ta tarwatsa su rasa ƙuri'arsu, kuma hukumar tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira da ta yi aiki da shi a arewa maso gabas tun 2015. Matsalar ita ce da yawan namu ba su cikin sansani mai rajista, suna raɓe ne a gidajen 'yan uwa da kangaye da azuzuwan makaranta, wanda ba a ƙirga ba kuwa ba a yi masa tanadi. Waɗanda ke cikin Nijar ba su da hanyar jefa ƙuri'a daga can sai sun tsallako. Mafi yawansu mata ne da tsofaffi, katunansu sun ƙone tare da ɗakunansu. Mata a Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kanta. Abin kunya ne a ce a zamaninmu ta suɓuce wa iyayenmu mata saboda babu ɗan da zai raka su ofishin hukuma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar rajista, da sauya rumfa daga ƙauyen da ya tashi zuwa garin da mutum yake zaune, da neman madadin katin da ya ɓata, duk kyauta ne, kuma duk ana yin su ne a lokacin da hukuma ta buɗe rajista, watanni kafin zaɓe. Idan ta rufe, ta rufe. Kati kuma ba a aike, mai shi ne zai je ya karɓa da kansa. Ga mai son aikin lada kafin zaɓen 2027 da waɗanda za su biyo bayansa: ya ɗauki littafi ya bi unguwarsu, ya rubuta mutanen ƙauyukan da suka tashi, waye ke da kati, waye nasa ya ɓata, wace rumfa ce tasa ta asali. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai su haɗa waɗannan sunaye, su kai wa hakimai da limamai su sa hannu, a miƙa wa jami'in zaɓe na Isa da na Sabon Birni da kwamishinan zaɓe a Sakkwato a rubuce, tare da buƙatar a bayyana tun da wuri inda za a ajiye rumfar kowane gari da ya tashi da kuma jami'an da za su tsare ta. A karɓi shaidar cewa takardar ta shiga, a ɗauki hotonta, a sa ta a shafukan nan da muke yini a cikinsu.